YADDA KUNNE KE TSINTAR KALMA A CIKIN MAGANA

   

Yau za mu taɓa wani aiki ne da kowaccenmu ke yi tun daga asuba har ta kwanta, amma da wuya ta taɓa tsayawa ta tambayi yadda yake faruwa, wato jin magana. Yanzu haka kina saurarena. Wataƙila hannunki na cikin ruwan wanke-wanke, ko kina tsince shinkafa, ko kina ɗinkin hula. Ba ki ganin fuskata, ga ƙarar murhu, ga hayaniyar yara a tsakar gida, amma kina gane abin da nake faɗa. To ta yaya?

Ki lura da wata hikima ta harshenmu. Bahaushe kan ce "na ji ƙara", ya kuma ce "ina jin Larabci". Kalma ɗaya ya ba aiki biyu: shigar sauti cikin kunne, da fahimtar abin da aka faɗa. Masu bincike sun shafe shekaru da dama suna nazarin abin da ke faruwa tsakanin waɗannan ji guda biyu. Abin da suka gano shi ne, kunne ba ya karɓar kalma a dafe. Ɗanyen sauti yake kaiwa, ƙwaƙwalwa ce ke girka shi ya zama magana. Kuma wannan girki koyonsa ake yi, a ɗakin uwa ake fara koyonsa.

Ilmin da ke nazarin yadda ake fitar da sautin magana da yadda ake jin sa, shi malamai ke kira ilmin furuci. Ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wadda ta zauna gaban malama a Islamiyya aka koya mata mafitar haruffa, aka ce wannan daga maƙogwaro yake fita, wancan daga bakin harshe, wancan daga leɓɓa, to ta ɗanɗana shi. Tun a ƙarni na 8 na Miladiyya wani malami a birnin Basra na ƙasar Iraƙi, Khalil ɗan Ahmad, ya tsara ƙamus ɗin Larabci bisa mafitar haruffa, ya faro daga can cikin maƙogwaro ya biyo har zuwa leɓɓa. A jami'o'inmu ma ana karantar da wannan fanni da harshen Hausa. Littafin Farfesa Mu'azu Sani Zariya mai suna Tsarin Sauti da Nahawun Hausa, wanda ya fito a 1999, ɗalibai da yawa sun ratsa ta cikinsa.

Bari mu fara da kunnen kansa a taƙaice. Idan aka yi magana, iska ce ke kaɗawa. Kaɗawar ta shiga ramin kunne ta bugi wata fata siririya da muke kira dodon kunne. Bayan fatar akwai 'yan ƙasusuwa 3, su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, suna miƙa motsin zuwa wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ke juya motsin ya zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa: idan waɗannan 'yan gasu suka mutu, ba su sake tsirowa.

A shekarun 1940 aka ƙera wata na'ura a Amurka mai zana hoton sauti a takarda. Da aka duba hoton magana, sai aka ga abin mamaki. Mu a rubuce muna barin fili tsakanin kalma da kalma, amma a baki babu wannan fili. Magana zuba take yi kamar ruwa daga bakin tulu. Kin taɓa lura da haka idan kina kallon fim ɗin Indiya wanda ba a fassara ba, ko maƙwabciyarki tana hira da 'yar'uwarta da Barbarci ko Nufanci alhali ba ki ji? Sai ki ga kamar suna sauri ne ba su numfashi, ba ki san inda wata kalma ta ƙare wata ta fara ba. Haka su ma waɗanda ba su jin Hausa suke jin mu. Ke ce ke yanka maganar gunduwa-gunduwa a cikin kanki, saboda kin san kalmomin.

Kuma yankan nan da sauri ake yin sa. Wani masani ɗan Ingila, William Marslen-Wilson, ya yi gwaji a 1973: ya sa mutane su riƙa maimaita maganar da suke ji nan take. Wasu daga cikinsu tazarar da ke tsakanin jinsu da maimaitawarsu ba ta wuce rubu'in daƙiƙa ɗaya ba. Daga irin wannan bincike ya fito da bayanin cewa mai sauraro ba ya jira a gama kalma kafin ya fara neman ta. Ga misali. Uwargida ta ce wa yarinya, "Miƙo min ta…" Da jin wannan gaɓa ta farko, kalmomi sun yi layi a kan yarinyar: tabarma, takalmi, tasa, taliya. Da aka ƙara "bar", sauran suka zube, tabarma ta tsaya. Wurin da ake da zancen da ake yi su ma suna taimakawa a yi saurin zaɓe. Idan a madafa ake, tasa da taliya sun fi kusa. Shi ya sa wani lokaci kina tsakiyar magana abokiyar zamanki ta ƙarasa miki.

Ba nan abin ya tsaya ba. Ƙwaƙwalwa har cike giɓi take yi. A 1970 wani mai bincike a Amurka, Richard Warren, ya ɗauki wata jimla a kaset, ya yanke sautin "s" daga tsakiyar wata doguwar kalma, ya sa tari a gurbinsa. Ya kunna wa mutum 20. Mutum 19 suka ce babu abin da ya ɓace, sun ji kalmar cif. Ko inda tarin ya faɗo ma ba su iya nunawa daidai ba. Wannan baiwa ce ke sa ki gane labarai ko da rediyonki na shashsheƙa saboda batir ya yi sanyi. Amma fa baiwar tana da haɗarinta. Tunda ƙwaƙwalwa tana cike giɓi da abin da take tsammani, mutum na iya rantsuwa ya ji abin da ba a faɗa ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Wadda ta riga ta sa wa ranta cewa ana yi da ita, idan ta tsinci rabin magana ta bayan labule, sauran rabin zuciyarta ce za ta ƙarasa mata. Gidaje nawa aka kwana ba a ga maciji saboda "ai na ji da kunnena"? Kafin ki ɗauki zafi, 'yar'uwa, ki ce, "Me kika ce? Ban ji sosai ba." Tambayar ba ta rage miki komai.

Ido ma yana da hannu a cikin ji. A 1976 wasu masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka ɗauki hoton fuskar wata mata tana cewa "ga", suka ɗora masa muryar da ke cewa "ba". Mafi yawan manyan da suka kalla suka ce "da" suka ji. Da sun rufe ido sai su ji "ba" sarai, da sun buɗe sai "da" ta dawo. Ashe duk muna karanta leɓɓan juna ba mu sani ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan kam gani ya juya ji.

Akwai kuma zaɓen murya. Ki tuna gidan biki ranar wuni: ga kiɗan ƙwarya, ga guɗa, ga mata hamsin kowa na magana, amma ke da ƙawarki kuna hirarku. Colin Cherry ne ya fara nazarin wannan a 1953. Ya sa wa mutane magana daban a kowane kunne, ya ce su bi guda ɗaya. Da aka tambaye su abin da aka faɗa a ɗaya kunnen, kusan babu abin da suka riƙe, sai dai su ce muryar namiji ce ko ta mace. A 1959 Neville Moray ya gano cewa idan aka ambaci sunan mutum a kunnen da ya yi watsi da shi, kamar ɗaya cikin uku sukan tsince shi. Kin ga dalilin da zai sa ki yi ta yi wa yaro magana yana wasa bai ji ba. Ki fara kiran sunansa, ya juyo, sannan ki ba da saƙon.

To mu Hausawa kunnenmu yana da wani ƙarin aiki wanda na Bature ba ya yi, saboda harshenmu mai karin sauti ne. Hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Ki faɗi waɗannan da bakinki ki ji: kukan yaro, da kukar miya. Wuya ta wahala, da wuya na sarƙa. Baba mahaifi, Baba mace, da baban rini. A takarda duk kamanninsu ɗaya, a kunne kuwa ba mai haɗa su. Tsawon wasali ma haka: gari na mutane, da garin tuwo. Har cikin jimla abin yake shiga. "Ta zo", wato ta riga ta iso, da "ta zo", wato a ce mata ta taho, jan wasali da karin murya ne kawai suka raba su. Ga kuma haruffanmu masu ƙugiya: baki da baƙi, kare da ƙare, dauri da ɗauri. Ba wanda ya zaunar da ke a aji ya koya miki wannan, amma ba ki kuskure. A ina kika koya?

Amsar ita ce a cikin mahaifiyarki, sannan a bayanta. Ɗan tayi yana fara jin sauti tun wajen wata na 6 zuwa na 7. Ba kalmomi yake ji sarai ba, hawa da saukar murya ne suka fi isa gare shi, kuma muryar uwa ta fi kowace kusa. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer suka gwada jarirai da ba su wuce kwana 3 a duniya ba. Suka ba su robar tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda irin tsotson da jariri ya yi shi zai kunno masa ko dai muryar mahaifiyarsa ko ta wata mata. Jariran suka riƙa tsotson da zai kawo muryar uwa. A 1988 kuma a Faransa aka nuna cewa jarirai 'yan kwana 4 suna bambanta Faransanci da Rashanci. Tun kafin a yi suna, jaririnki ya san muryarki, ya san kiɗan harshenku.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne binciken Janet Werker da Richard Tees a Kanada a 1984. Sun gwada jarirai daga gidajen da ake Ingilishi da wasu sautuka na harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, waɗanda babu su a Ingilishi. Ɗaya daga cikinsu ma ɗan'uwan "ƙ" ɗinmu ne. 'Yan wata 6 zuwa 8 yawancinsu sun bambanta sautukan. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne suka iya. Ma'ana, ana haihuwar yaro da kunnen da zai iya ɗaukar kowane harshe, amma kafin ya cika shekara kunnen ya fara tsayawa a kan sautukan da yake ji a gida. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma zai ce miki "daki" maimakon "ɗaki". Mu ma ai haka muke fama da "p" da "f" idan mun shiga Turanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaya kuma jariri ke gano inda kalma ta fara tunda babu fili a magana? A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta suka kunna wa 'yan wata 8 wasu ƙagaggun kalmomi a jere ba tsayawa, na minti 2 kacal, sai ga shi jariran sun fara gane waɗanne gaɓoɓi ne ke tafiya tare. Ki duba yadda abin zai kasance a ɗakinki. Yaro yana jin "ruwan zafi", "ruwan sanyi", "ruwan wanka". "Ru" da "wan" ba su rabuwa, abin da ke biye da su ne ke canzawa. A hankali sai ya cire "ruwan" ya ajiye a matsayin abu guda. Sunansa ma, bincike ya nuna tun yana wata 4 da rabi yake fara sanin sautinsa.

Wata za ta ce, to ai sai in kunna masa rediyo ko talabijin ya yi ta ji. Ni ma'aikaciyar rediyo ce, amma gaskiya ɗaya ce. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Amurka suka kawo jarirai 'yan wata 9, wasu aka haɗa su da mutane masu yi musu wasa da hira da Sinanci har zama 12, wasu aka nuna musu mutanen nan a talabijin, wasu murya kawai aka kunna musu. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambanta sautukan Sinanci. Na talabijin da na murya ba su koyi komai ba. Akwatin nan ba zai maye gurbinki ba.

Don haka ki yi wa jaririnki magana. Kina yi masa wanka, ki faɗa masa abin da kike yi. Kina ba shi nono, ki dube shi ki yi masa tawai. Idan ya yi gwalan-gwalan ɗinsa, ki amsa, ki saurara ya mayar miki. Wannan jan murya da muke yi wa jarirai ba shirme ba ne, yana fito musu da wasula fili. Na san akwai alkunya, musamman ta ɗan fari, kuma al'ada ce mai daraja. Amma kunyar a gaban mutane take. Idan kun shiga ɗaki daga ke sai shi, kada ki hana shi muryarki. Kaka da gwaggo da abokiyar zama da yayye su ma duk malamai ne. Idan kuma gidanku ana Fulatanci ko Barbarci tare da Hausa, ki ba shi duka biyun, ba su rikita yaro.

Duk wannan koyo sai kunne na da lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a wurin yara, daga abubuwan da za a iya kauce musu take zuwa. Cikin masu kashe ji akwai ƙyanda, da sanƙarau, da hangum, da shawara mai tsanani ga sabon haihuwa, da ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai da ake yi ba da umarnin likita ba. Rigakafi ya fi magani. A Nijeriya ana yin allurar ƙyanda da ta sanƙarau idan yaro ya kai wata 9. Kada a sa wa yaro tsinke ko ashana ko gashin kaza a kunne, kada a ɗiga masa wani mai ko ruwan ganye, kada a mare shi a kunne. A nisantar da goyo daga injin niƙa da janareto. Kin tuna 'yan gasun nan da ba su sake tsirowa.

Ke da kike tare da shi dare da rana, ke za ki fara gani. Sabon jariri yakan razana idan an buga ƙofa da ƙarfi. Ɗan wata 6 yakan juya wajen da sauti ya fito. Kafin wata 9 ya kamata a ji yana "ba-ba-ba", "da-da-da". Ɗan shekara yana waiwayowa idan an kira sunansa ta bayansa, ɗan shekara 2 kuma yana haɗa kalma biyu. Idan ba ki ga haka ba, kada ki tsaya kan "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba", kada kuma a yi masa tambarin kunnen ƙashi. Ki sanar da maigida a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti; a Kaduna ma akwai cibiya ta ƙasa da aka keɓe don lafiyar kunne. Likitoci sun fi son a gano matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Idan kuma Allah ya ƙaddara yaron ba ya ji, hankalinsa lafiya lau yake. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, a fara yi da shi da wuri, a kuma sa shi makaranta irin ta Tudun Maliki da ke Kano.

Kafin in yi sallama, mu tuna da tsofaffinmu. Idan shekaru suka ja, siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" da "f" su ke fara ɓacewa, wasula kuwa suna nan. Shi ya sa Hajiya za ta ce, "Ina jin muryarki, amma ban gane me kike cewa ba." Ba neman magana take yi ba. Ihu kuma ba ya gyara abin, ƙara dagula shi yake. Ki rage rediyo, ki zo gabanta inda haske ke dukan fuskarki don ta ga leɓɓanki, ki fara faɗa mata kan zancen, "maganar bikin nan ce", sannan ki yi magana a tsanake. Idan ba ta gane ba, ki sake faɗa da wasu kalmomin. Kin ba idonta da ƙwaƙwalwarta abin da za su cike giɓin da shi ke nan, kin kuma samu ladan kyautata wa babba.

To 'yan'uwa, a nan za mu dasa aya. Wadda take da tambaya ta aiko mana da wasiƙa, ko ta ba yaro ya kawo. Allah ya raya mana zuri'a, ya kare mana jinmu da ganinmu. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.